Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Shirya Katun Da Hausa: Me Tauraronku Yake Nema?

Assalamu alaikum, ƙannena.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da kwamfutocinku da ke kwana suna zafi. Ni ba mai zane ba ne. Ko akuya na zana a allo sai na rubuta sunanta a ƙasa kafin ɗalibai su gane. Malamin firamare ne ni, shekara 19 ina koyar da Hausa, kuma uban yara huɗu, wato ina cikin mutanen da kuke yi wa aiki. Da wannan matsayin nake rubuto muku, kuma kun san gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kwanakin baya na sauke wani katun na Hausa a waya, na minti 20, na miƙa wa 'yata mai shekara 7. Ba zan faɗi sunansa ba, don na san wahalar da aka sha kafin ya fito. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Ga soro da zanko, ga tukunya a kan murhu har hayaƙi na tashi, ga tsohuwa ta ɗaura ɗankwali irin na kakanninmu. Yarinya ta washe baki da ta ji suna magana da harshenta. Wajen minti na 6 sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, wai ina za su je ne?" Na karɓi wayar na mayar baya na duba. Yaro ya tashi daga barci, ya tsokani ƙanwarsa, ya je makaranta, malam ya ɗaga bulala, an yi dariya, an taso, an ci tuwo. Na rasa abin da zan ce mata. Kafin minti na 10 ta ajiye wayar ta koma tsakar gida tana 'yar carafke.

Wannan yarinyar dai, wadda Turancinta bai wuce gaisuwa ba, ita ce ta zauna minti 100 cur tana kallon Finding Nemo ko ƙiftawa ba ta son yi. Da aka ɗauke wuta a tsakiya har kuka ta yi. Za ku ce ai kuɗi ne, babban kamfanin katun na Pixar ne ya yi shi, ina mu ina su. Gaskiya ne, sun fi ku kuɗi nesa ba kusa ba. Amma da na tambaye ta me ya sa take kuka, ba ta ce komai a kan kyan ruwa ko launin kifaye ba. Cewa ta yi, "Bai sami ɗansa ba tukuna." Ta san abin da uban yake nema, ta san bai samu ba, kuma ranta ba zai kwanta ba sai ta ga yadda za ta kaya. Wannan ɓangaren da takarda da biro ake yin sa.

Bari in tsaya a kan fim ɗin nan, tunda yawancinku kun kalle shi, wataƙila ma kun tsayar da shi fitowa bayan fitowa kuna nazarin yadda aka yi hasken ruwa. Ina roƙon ku sake kallonsa, wannan karon ku rufe ido ga zanen ku dubi zubi da tsarinsa.

Ya fito a 2003, Andrew Stanton ne ya ba da umarni. A mintunan farko an nuna mana wani kifi mai suna Marlin da matarsa sun tare a sabon gida a gaɓar tekun Ostireliya, suna jiran ƙwayayensu sama da 400 su ƙyanƙyashe. Wani mugun kifi ya kawo farmaki. Matar ta tafi, ƙwayayen sun tafi, saura guda ɗaya tal, shi ma da tsaga a jikinsa. Uban ya rungume shi ya yi alkawarin ba zai taɓa bari wani abu ya same shi ba. Daga nan duk wani hali na Marlin ya sami tushe. In ya hana ɗansa fita, mun san dalili. In ya cika mita da tsoro har ya ba mu haushi, haushin yana tafe da tausayi. Ranar farko ta makaranta ya kunyata yaron a gaban abokansa, ya ce masa ba zai iya ba, yaron kuwa don ya nuna zai iya sai ya yi iyo zuwa jirgin ruwa, mai nutso ya cafke shi. Ku lura da kyau: tsoron uban ne ya tura ɗan cikin hatsarin da uban ke gudu. Ba ƙaddara ce kawai ta faɗo daga sama ba, halin tauraron ne ya haifi ƙullin labarin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, da farko ba haka aka tsara shi ba. Stanton ya so ya ɓoye mutuwar matar, ya riƙa tsakuro ta kaɗan-kaɗan ta hanyar waiwaye, sai can kusa da ƙarshe a gane abin da ya faru. Da suka jera labarin suka kalla, sai Marlin ya zama wani masifaffen uba da ba wanda yake son bi. Suka kwashe waiwayen duka suka mayar da abin farko. Labari ɗaya ne, abubuwan da suka faru ba su canza ba, wurin ajiye su kawai aka sauya, amma tauraron ya tashi daga abin ƙi ya koma abin tausayi. In wani ya ce muku zubi da tsari maganar 'yan jami'a ce da ake haddacewa don jarrabawa, ku ba shi wannan labarin.

To daga nan Marlin yana da buri ɗaya, wanda yaro ɗan shekara 4 zai iya faɗa da kalma uku: ya nemo ɗansa. Har adireshi gare shi, a rubuce a jikin tabaraun mai nutso, wani likitan haƙori a birnin Sidni. Sai dai a ƙarƙashin wannan burin akwai wani abu da shi kansa bai san yana buƙata ba, wato ya koyi sakin hannu. Nan gwanintar take. Duk wanda ya haɗu da shi a hanya, wannan gyambon yake taɓawa. An haɗa shi da Dory, wata kifanya mai mantuwa, wadda ba ta riƙe tsoron jiya balle ta ji tsoron gobe, ga shi ita ce ta iya karatu, dole ya dogara da ita. An kai shi wurin kififiya mai shekara 150, ya ga ɗanta ya faɗa wajen igiyar ruwa, ya zabura zai ceto shi, kififiyar ta tare shi ta ce a bari a ga abin da yaron zai yi, yaron kuwa ya dawo da kansa yana murna. An saka shi cikin bakin ƙatuwar dabbar teku, yana maƙale da harshenta, Dory tana ce masa ya saki, shi kuwa a cikin ruɗewa ya daka mata tsawa ya kira ta da sunan ɗansa. A wurin na ga matata ta daina tsince shinkafa ta zuba wa talabijin ido.

Can kuma a akwatin gilashin likita, yaron yana da nasa burin: ya tsere kafin ranar da za a ba da shi kyauta ga wata yarinya da ta taɓa kashe kifi da girgiza leda. Ga wa'adi ke nan, rana tana matsowa. Ya gwada cusa tsakuwa a injin tace ruwa, ya kusa halaka, ya karaya. Sai kwasakwasa ya kawo masa labarin irin abin da ubansa matsoraci ya tsallake saboda shi, ya koma ya gwada, ya yi nasara. Igiya biyu ce, kowace tana jan 'yar uwarta. A ƙarshe da suka haɗu, mai kallo yana zaton an gama, sai taru na masunta ya kwashe Dory tare da tarin kifaye. Yaron ya ce zai shiga ciki ya sa su yi iyo ƙasa gaba ɗaya. Uban yana riƙe da fiffikensa. Abin da ya ratsa teku ya samo, shi ake cewa ya saka da hannunsa. Ya saki. Ba wanda ya fito ya yi mana bayanin darasi, amma ni uba na ji shi har cikin ƙashina, na tuna ranar da na hana babban ɗana zuwa makarantar kwana don tsoron da ba nasa ba ne, nawa ne.

Wannan shi ake nufi da fim na iyali. A gidajenmu da wuya yaro ya kalli abu shi kaɗai. Talabijin ɗaya ce a falo, ko waya ɗaya da kawuna biyar a kanta, uwa tana jin sauti daga madafa. Yaro yana bin ɗan kifi, babba yana bin uban, kowa da inda labarin yake cizonsa. Ku kuma lura babu mugu na gaske a fim ɗin. Likitan nan gani yake ceton kifin ya yi. Na faɗi haka ne saboda kusan duk katun ɗinmu da na gani, in an rasa abin da zai motsa labari sai a jefo mayya, ko kishiyar uwa, ko aljani mai jan ido. Ba laifi ba ne, tatsuniyoyinmu cike suke da su. Amma dodon da bai da alaƙa da raunin tauraro, tsoro kawai zai ba yara na minti biyu, sannan su manta.

Ku da kuke zane kun fi kowa buƙatar jin wannan, saboda lissafi. Mai fim na mutane in fitowa ba ta yi ba, yana iya kiran 'yan wasa gobe a sake ɗauka, asarar yini ɗaya ce da kuɗin abinci. Ku kuwa daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce. Ko kun rage kuna yin 12, katun na minti 10 ya tashi a zane 7,200. Fim na minti 90 hoto 129,600 ne. Duk fitowar da ba ta ciyar da labari gaba, makonnin rayuwarku ne kuka ƙona, da man janareta, da data, da idonku. Walt Disney da kansa ya yanke wata fitowa daga Snow White na 1937, inda wadanni suke shan miya, bayan mai zanen, Ward Kimball, ya kwashe watanni a kanta, don kawai tana tsayar da tafiyar labari. Shi yana da aljihun da zai ɗauki wannan asarar. Ku ba ku da shi. Magabata sun ce tun ran gini ran zane, to a sana'arku sai an gama ginin labari tsaf sannan a ɗauki alƙalamin zane.

Pixar ɗin ma da baƙar wahala ta koya. A watan Nuwamba na 1993 suka kai wa shugabannin Disney rabin Toy Story a zanen-zube, hotuna marasa motsi da aka jera aka ɗora musu murya. A wannan zubin Woody, ɗan tsanan da shi ne tauraron fim ɗin, azzalumi ne, da gangan ya wurgar da Buzz, sabon ɗan tsanan da aka kawo gidan, ta taga, yana zagin sauran kayan wasa. Aka tsayar da aikin nan take. Suka koma suka sake rubutu. Burinsa bai canza ba, yana son ya ci gaba da zama ɗan gaban goshin yaron da ya mallake shi. Abin da suka gyara shi ne tushen burin: ya zama tsoron a manta da shi, kamar ɗan fari ranar da aka yi masa ƙane. Faɗowar Buzz ta taga kuma ta koma tsautsayin da ya wuce abin da Woody ya yi niyya. Fim ɗin ya fito a 1995, shi ne dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta. Da a ce sai da suka gama motsa hotunan sannan suka gane tauraronsu ba ya shiga rai, da wataƙila yau ba mu san sunan kamfanin ba.

Kada ku ce wannan ilimin Turawa ne. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," kafin ta yi jimla biyar mun san wa ke neman me. Ku ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja. 'Yar bora an ɗora mata laifi, an ce ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, kada ta dawo sai ta wanke. Ga buri, ga dalili, ga abin da za ta rasa in ta kasa. Tana tafe tana waƙa tana tambayar kowane kogi ko shi ne, kowanne yana yi mata tayin abin da zai ɗauke mata hankali, tana wucewa. Ta isa gidan cinya da kare, aka gwada ladabinta, ta ci jarrabawa, ta dawo da arziki. Sai mowa ta tura tata 'yar, ta bi hanya ɗaya, tambaya ɗaya, gwaji ɗaya, da hali daban. Mu yara mun riga mun san kowace gaɓa, don haka jiran faɗuwarta muke, muna dariya tun kafin ta buɗe baki. Wace makarantar koyon rubutun fim ce za ta koya muku tsari da ya fi wannan tsafta? Kuma in ta gama, ƙurunƙus kawai take cewa, ta kore mu mu kwanta. Ban taɓa jin ta tsaya ta ce, "To yara, darasin da muka koya shi ne," ba.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma na ga wasunku sun faɗa. Tatsuniya ta minti 10 ce a bakin tsohuwa. In kuka ja ta zuwa awa ɗaya da rabi ba tare da kun ƙara mata ciki ba, za ta tsinke. 'Yar bora mutuniyar kirki ce tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ya canza a zuciyarta, duniya ce kawai ta biya ta. Wannan ya isa tatsuniya, amma dogon fim yana son wanda tafiya za ta sauya shi. Da ni ne ku, 'yar mowa zan ba fim ɗin. Yarinya ce da aka shagwaɓa, ba a taɓa bari ta ɗauki ko tsinke ba, yau uwarta da kanta ta tura ta daji saboda kishi. Me take nema? Ta dawo da abin da ya fi na 'yar uwarta don uwarta ta ci gaba da alfahari da ita. Me take buƙata? Wannan ku za ku tono, kuma a wurin tonon ne fim yake.

Haka Gizo. Ba tauraron da ya kai shi bayyanannen buri, cikinsa ne kawai, kullum. Shi ya sa ya dace da gajerun shirye-shirye na mako-mako: ya ƙulla, ya ci, asiri ya tonu, ya haye rufin ɗaki, mako mai zuwa ya dawo bai koyi komai ba. Daɗinsa ke nan, ranar da Gizo ya tuba ya daina zama Gizo. In kuna son dogon fim da shi, ku bar shi yadda yake, ku ɗora nauyin zuciyar labarin a kan wani na kusa da shi. Ƙoƙi tana nan, shekara da shekaru tana haƙuri da wannan miji, ba wanda ya taɓa tambayar ta me take so.

Buri kuma ba dole ya zama abin da ake ɗauka a hannu ba. A Kirikou na 1998, wanda Michel Ocelot ya yi a Faransa bisa tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, ɗan jaririn yana ceton ƙauyensu, amma abin da ke jan sa tambaya ce guda: me ya sa mayyar nan take da mugunta? Manya sun ce haka take kawai, shi bai yarda ba. Tambayar ce ta kai shi bayan dutse wurin kakansa, inda ya ji cewa ƙaya ce aka soka mata a gadon baya take azabtar da ita dare da rana. Ba ina ce ku kwaikwayi shigar mutanen cikinsa ba, kun san gidajenmu. Ƙashin bayan labarin nake nuna muku.

Ba ku ne farkon masu wannan sana'a a ƙasar Hausa ba, kuma ya kamata ku san wanda ya riga ku. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya daɗe yana zaune a Tawa, tun shekarun 1960 yake motsa zane. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, na 'yan mintuna, inda kwaɗo shugaban ƙasa ya tafi ziyarar aiki da duk wani tsarabe-tsaraben faretin da kuka sani. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, jarumin da ke neman auren gimbiya tana gindaya masa sharaɗi bayan sharaɗi. Kayan aikinsa ba su kai rabin abin da ke cikin wayarku ba. A wannan zamanin kuma, Flow, fim ɗin Latbiya na 2024, da Blender aka yi shi, manhajar da kuke saukewa kyauta, babu kalma ɗaya ta magana a ciki, kyanwa ce mai tsoron ruwa da ƙin jama'a ambaliya ta tilasta mata zama a kwalekwale ɗaya da wasu dabbobi. Ya ci babbar lambar yabon fina-finai ta Oscar a 2025.

Bari in gwada nawa, ku yi mini dariya in kun so. Yaro ɗan shekara 10 a wani ƙauye na Jigawa. An bar masa tsaron akuyar kakarsa, wadda da nononta tsohuwar take samun na cefane. Ya ji ana buga ƙwallo, ya fita bai ɗaure ƙyaure ba. Akuya ta bi garken wani mai fatauci aka loda ta a mota. Da aka tambaya, ya ce ƙanwarsa ce ta buɗe, aka yi wa yarinya faɗa tana kuka. Yau Litinin, ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, in aka sayar shi ke nan. Ya sulale da asuba zai nemo ta, ya waiga, sai ga ƙanwar tana biye da shi da takalmi ɗaya, wai za ta gyara laifin da ta fara yarda ita ta yi. Kun ga yanzu duk alherin da ta yi masa a hanya wuƙa ce. In ta raba masa ƙuli-ƙulinta, ciwo ne. In ta ba shi haƙuri, ciwo ne. Sun isa kara, sun ga akuya, shugaban dillalai ya ce ba zai karɓe dabba daga hannun mutum a kan maganar yara ba sai an faɗa masa dalla-dalla yadda ta fita daga gida, ga kuma mahaifinsu ya iso yana haki. Akuyar tana gabansa, kuɗinta gaskiya ce. Ba sai malami ya fito da allo a ƙarshe ya ce ƙarya ba kyau ba, yaran da ke kallo sun kwana uku suna ɗauke da ita a ƙirji tare da shi.

Ina jin wani zai ce, Malam, mu fa tarbiyya muke son koyarwa, iyaye ma abin da suke nema ke nan, masu ɗaukar nauyi kuma sai sun ga saƙo ƙarara suke sakin kuɗi. Na sani. Ni ma tarbiyyar nake so, aikina ke nan tun safe har azahar. Amma shekara 19 a gaban allo sun nuna mini cewa daidai lokacin da murya ta koma ta nasiha, daidai lokacin idon yaro yake komawa taga. In ƙungiya ta ba ku kuɗi ku yi katun a kan wanke hannu ko rigakafi, ku karɓa, Allah ya sa albarka. Sai dai ku nemo yaron da ke son wani abu har ransa, wasan ƙarshe na gasar unguwa, ko rakiyar amarya, ko hawan Sallah a bayan dokin kawunsa, ku sa ciwon ciki ya tsaya tsakaninsa da abin.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya cin ko sisi. Kafin ku kunna kwamfuta, ku tara yaran unguwa biyar ko shida bayan sallar isha'i, ku ba su labarin da baki, ba hoto ba waƙa. Ku tsaya a tsakiya ku ce sai gobe. In suka tashi suka karkaɗe riga suka tafi, labarin bai nuna ba. In suka riƙe muku hannu suna "sai me ya faru?", kun kama hanya. Ku kuma saurari bakinku yayin da kuke ba da shi. In abin da ke haɗa fitowa da fitowa "sai kuma" ne, "sai kuma", "sai kuma", jerin gwano kuke yi. In kuna jin kanku kuna cewa "shi ya sa" da "amma ina", to kowace gaɓa ta haifi ta gabanta. Bayan nan ku zana shi a gurguje a kan takardu, ko da mutum-mutumin tsinke ne, ku manna a bango, ku ɗauka da waya, ku ɗora muryoyinku, ku kalla daga farko har ƙarshe. Tun farkon shekarun 1930 ake wannan a Disney, kuma har yau manyan kamfanoni sukan rushe fim su sake jera shi sau da dama a wannan matakin. Abin da ya gundure ku a takarda, launi ba zai cece shi ba.

Sannan ku daina ɗaukar rubutu a matsayin aikin da mai zane zai yi da daddare in ya gaji. Muna da marubuta. Matan da ke rubuta littattafan Hausa, tun daga zamanin adabin kasuwar Kano har zuwa masu sakin labari babi-babi a waya yau, sun san yadda ake hana mutum barci da jiran shafi na gaba. Masu rubuta wasan kwaikwayo na rediyo sun san yadda ake riƙe kunne ba tare da hoto ko ɗaya ba. Ku nemo su tun ranar farko, ku biya su, ku sa sunansu inda za a gani. Ku kuma yarda su ce muku fitowar nan da kuka fi so, wadda kuka riga kuka hango yadda hasken yamma zai faɗo a kan rumbu, ba ta da aiki a labarin.

Katun ɗin nan na minti 20 har yanzu yana cikin wayata, ban goge ba. Jiya na sake kallonsa ni kaɗai, na lura a minti na 3 yaron ya leƙa tagar wani shago ya daɗe yana kallon keke, sannan aka wuce ba a sake waiwayar maganar ba har aka gama. In wanda ya yi shi yana karanta wannan, ƙanena, fim ɗinka yana jikin wannan tagar. Ka koma ka tambayi yaron nawa ne kuɗin keken, nawa gare shi, wa zai hana shi, kuma me zai yarda ya yi wanda bai kamata ba don ya same shi. In ka sake fitar da shi, zan miƙa wa 'yata wayar, in zauna a gefe in ga minti nawa za ta yi.

Wassalam.

Yayanku,
wani malamin firamare